Tsohuwar Motar Babanmu

1. Gadon da aka bari

Mahaifinmu ya rasu ya bar gida ɗaya, da gona biyu, da tsohuwar mota. Gida bai ba mu wahala ba, don Inna tana ciki. Gonaki ma an auna su, kowa ya san iyakarsa. Mota ce ta hana mu barci. Ba a yanka mota kashi-kashi kamar naman watanda. Ko dai a sayar da ita a raba kuɗin, ko kuwa a gyara ta ta koma aiki. Wata uku muka yi muna wannan shawara.

Mu biyar ne wurin mahaifinmu. Yayarmu mace ita ce babba, sai ni, sai ƙannena mata biyu, sai autanmu namiji. Ni tela ne a Damagaram. Autanmu yana da farmi, wato takardar izinin tuƙi, amma ba shi da motar tuƙawa. Wata rana ya sami aikin karen mota, wata rana ya wuni zaune a tasha.

Shekara shida motar ta yi tsaye ƙarƙashin dogon yaro, tun lokacin da idon Baba ya raunana ya bar tuƙi. Tayoyinta sun sace, sun tsattsage. Tamfol ɗin bayanta ya yage. Kaji sun mai da ita akurki, yaran unguwa sun mai da ita wurin ɓuya.

2. Wace irin mota ce?

Sunanta Peugeot 404. Mutanen ƙasarmu suna ce mata Fijo, ko kat-san-kat. Wadda take da buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol, irin ta Baba, ita ake kira bashe.

An fara ƙera 404 a shekara ta 1960, a garin Sosho na ƙasar Faransa. Wani kamfanin Italiya mai suna Pininfarina ne ya zana siffarta. Mai buɗaɗɗen baya ta fito a 1967. A Faransa an daina ƙera ta ɗaukar mutane a 1975, amma a Kenya an ci gaba da haɗa 404 har 1991. Duka-duka an ƙera sama da miliyan 2 da dubu 800. A 1975 kuma aka buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a Kaduna, cikin Nijeriya. Shi ya sa kayan gyaranta suka yi yawa a kasuwannin Kano.

Abin da ya sa ta yi suna a Afirka shi ne juriya. Akwai wani tseren motoci mai wuya da ake yi a gabashin Afirka, cikin laka da ƙura da duwatsu. Motar 404 ta ci wannan tsere sau huɗu: a 1963, da 1966, da 1967, da 1968. Direbobinmu ba su je kallon tsere ba, amma sun ga abin da take yi a kan hanyar yashi da buhunan gero a bayanta.

Baba bai saye ta sabuwa ba. Daga hannun wani ɗan kasuwa ya saye ta, bayan ya yi shekaru yana tuƙa motar wani. Da ita ya riƙa cin kasuwannin Mirya, da Matamai, da Magarya. Lokacin yunwar 1984 ta yi jigilar hatsi zuwa ƙauyuka. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da yake daidai da sefa 50 ya koma sefa 100. Kayan gyara masu zuwa daga Turai suka yi tsada ƙwarai. Abokan Baba da yawa suka jingine motocinsu. Shi kuwa ya riƙa sayo tsofaffin kaya yana lallaɓa ta. Da kuɗin motar nan aka ciyar da mu, aka yi wa ƴan'uwana mata kayan ɗaki, aka saya mini keken ɗinki.

3. Masu saye biyu

Bayan sadakar arba'in, masu saye suka fara zuwa. Na farko mai sayen tsofaffin ƙarafa ne. Bai buɗe inji ba, bai duba ciki ba. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce jika 150. Shi nauyin ƙarfe yake saye. Da mun sallama masa, da a ranar za a farfasa ta da guduma.

Na biyu wani Alhaji ne mai fataucin motoci. Shi ya daɗe yana dubawa. Ya karanta lambar da aka buga a jikin ƙarfen mota, ya gwada ta da wadda ke cikin takardu. Ya taɓa fitilu, ya shafa zakin nan da ke gabanta, alamar kamfanin. Sannan ya ce jika 800.

Na ce masa: "Alhaji, me za ka yi da motar da ba ta tashi?"

Ya ce: "Malam, akwai masu neman irinta. A Faransa, motar da ta wuce shekara 30 ana iya yi mata takarda ta musamman, ta motocin tarihi. Masu sha'awa suna gyara su, suna fita da su ranar hutu. A Sosho ma akwai gidan da aka tara tsofaffin Fijo don kallo. Kada ku yi mata fenti, kada ku cire kome. Yadda take nake son ta."

Da na gaya wa Inna, sai ta riƙe baki ta ce: "Ikon Allah! Wato a can mota ma tana yin ritaya, a ajiye ta ana kallo?"

4. Kowa da hujjarsa

Muka taru a tsakar gida bayan sallar isha'i. Baffanmu, ƙanen Baba, ya zauna a tsakiya.

Yayarmu ta fara magana. Ta ce: "Baffa, ni dai a sayar. Maigidana ya yi wata biyar kwance. Kuɗin magani ya cinye awakina. Ina son motar nan kamar kowa, amma ƙarfe ba ya biyan likita."

Autanmu ya ce: "Yaya, ki yi haƙuri. In aka raba kuɗin nan, kafin kaka sun ƙare. In aka gyara mota, kullum za ta kawo wani abu. Ni ma in sami abin yi."

Ƙannena mata biyu suka rabu. Ɗaya tana son jari don sana'ar ƙuli-ƙuli. Ɗaya ta ce ba za ta iya ganin baƙo ya ja motar Baba ya tafi da ita ba.

Inna ta yi shiru har aka gama. Sannan ta ce: "Mahaifinku bai taɓa kwana bai duba ruwanta da manta ba. Amma bai tara ku don ku ɓata a kan ƙarfe ba. Abin da kuka yanke, na yarda."

Ni kuwa zuciyata biyu. A cikin motar nan na fara ganin duniya, ina zaune kan buhu, iska tana dukan fuskata. Amma na san halin da Yaya take ciki. Na kuma san mutanen da suka zuba kuɗi a tsohuwar mota, kuɗin suka tafi, mota ba ta tashi ba.

Baffa ya ce: "Kun yi ta magana, amma babu wanda ya san ciwon motar. Ba a yi wa marar lafiya magani sai likita ya gan shi. Ku kira makaniki."

5. Abin da makaniki ya gani

Akwai wani tsohon makaniki, abokin mahaifinmu, wanda mu ma Baba muke ce masa. Ya zo da yaransa biyu da akwatin sufanu. Bai fara da inji ba. Ya shimfiɗa buhu, ya kwanta ƙarƙashin mota, yana ƙwanƙwasa ƙarfe da ƙaramar guduma.

Na ce: "Baba, ba inji za a duba ba?"

Ya ce: "Ɗana, inji ana canja shi. Taya ana canja ta. Amma ƙashin mota, wato ƙarfen da ya ɗauki kome, in tsatsa ta cinye shi, magana ta ƙare. Saurara ka ji. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi kamar tsohuwar ƙwarya."

Ƙashin motar ya amsa da kyau. Ya ce sa'armu ita ce ƙasarmu busasshiya ce. A garuruwan bakin teku, laima da gishiri suna cin ƙarfe da sauri. A nan rana ce da ƙura suke yin ɓarna, su kuwa roba da fenti suka fi ci.

Daga nan ya koma inji. Ya kwance buji huɗu, ya zuba mai kaɗan a kowane rami, ya ce a bar shi kwana uku. Ranar da ya dawo, ya sa babbar sufana ya murɗa injin da hannu. Da farko ya ƙi. Can sai ya motsa. Tsoho ya yi murmushi ya ce: "Bai mutu ba, barci yake."

Ya bayyana mana yadda inji yake aiki. A cikinsa akwai tukwane huɗu, kowace da fistan mai hawa da sauka. In fistan ya sauka, sai ya shaƙo iska gauraye da isansi. In ya hau, sai ya matse su. Buji ya ƙyasta wuta, su kama, ƙarfin ya tura fistan ƙasa. In ya sake hawa, sai ya kore hayaƙi waje. Wannan turawa ita ce take juya ƙafafun baya. Kowane fistan yana da zobba na ƙarfe da suke hana iska da mai zurarewa. In zobban suka cinye, mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa ƙone man inji.

Ya ce hayaƙi ma yana magana. Shuɗin hayaƙi, man inji ne yake ƙonewa. Baƙin hayaƙi, isansi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba. Autanmu ya tuna cewa shuɗi motar take yi kafin a ajiye ta.

Tsoho ya ce: "To, zobba ne. Daɗin wannan inji shi ne, tukwanensa ana zare su a sa sababbi. Ba shi da kwamfuta kamar motocin yanzu. Da sufana da kunne ake gyaransa. Wasu kayan 504 ma suna shiga. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma in gaya muku gaskiya: kayanta suna raguwa kowace shekara, mu da muka san ta kuma muna tsufa. Tana shan mai fiye da na yanzu. Kuma mota mai shekaru irin nata ba ta son gudu, ba ta son lodin da ya wuce kima."

6. Lissafi

Makaniki ya faɗi kuɗin gyara, na rubuta a littafin awo na shagona:

Gyaran inji: jika 280
Taya huɗu, kowace jika 35: jika 140
Birki: jika 60
Batir: jika 45
Tankin ruwa da wayoyin wuta: jika 35
Walda da tamfol: jika 40
Takardun mota: jika 50

Jimla jika 650.

Autanmu ya yi murna. Ya ce: "Yaya, ka gani? Da jika 650 mun sami mota!"

Baffa ya girgiza kai ya ce: "Ba haka ake lissafi ba, yaro. In kun gyara, kun kashe 650, kun kuma bar 800 na Alhaji sun wuce. Ashe motar ta tsaya muku jika 1.450. Ku tambayi kanku: da a ce kuna da kuɗin nan a hannu, wannan motar za ku saya, ko ko adaidaita, ko shanu?"

Wannan tambaya ta yi mini nauyi. Na kwana ina juya ta. Adaidaita sabuwa ce, ba ta shan mai da yawa. Amma cikin gari ta fi ƙarfi, kuma sun riga sun cika gari. Hanyoyin ƙauye masu yashi, da buhunan wake da albasa da tumaki, aikin bashe ne.

Autanmu ya yi mako biyu yana zagaya tasha yana tambayar direbobi. Ya dawo da nasa lissafi. Kasuwa huɗu a mako. In an fitar da kuɗin isansi da na tasha, abin da zai rage bai kasa jika 10 a kowace kasuwa ba, wato jika 40 a mako. Za a ajiye 10 don gyaran gaba, ya ɗauki 15 don abincinsa, 15 su tafi biyan bashi.

Sai maganar gado. Malamin unguwarmu ya raba mana jika 800 bisa shari'a. Inna tana da kashi ɗaya cikin takwas, jika 100. Saura 700. Namiji yana da rabon mata biyu. Maza biyu, kowa jika 200. Mata uku, kowace jika 100. In ni da autanmu muka riƙe mota, sai mu biya Inna da ƴan'uwanmu mata jika 400. A haɗa da kuɗin gyara, bashin ya zama jika 1.050. In ana biyan 15 a mako, mako 70 ke nan, wajen shekara ɗaya da wata huɗu. Da damina kasuwa tana ja baya, mota kuma ba ta rasa laluri. Don haka muka ce shekara biyu.

7. Abin da muka yanke

Na ga abu uku ne suke raba motar da ta cancanci gyara da wadda ta cancanci sayarwa. Na ɗaya, ƙashinta ya kasance lafiya. Na biyu, a iya samun kayanta da mai gyaranta kusa. Na uku, ta kasance tana da aikin yi da mai kula da ita kullum. In ɗaya ya ɓace cikin ukun nan, gara a sayar tun tana da daraja. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tamu ta cika ukun. Amma akwai na huɗu, wanda ba a jikin mota yake ba: kada son da wani yake yi wa mota ya danne haƙƙin wani.

Muka sake taruwa gaban Baffa da Malam. Na ce: "Yaya, ba za ki jira mota ba. Gobe zan kawo miki jika 100 naki." Na sayar da waken da na noma na ba ta. Ƙanwata mai son jari aka yi mata alkawarin wata uku. Ɗaya ƙanwar ta ce za ta jira. Inna ta ce nata ya zama na ƙarshe, amma da sharaɗi: duk lokacin da za ta ƙauyensu gaisuwa, a wannan mota za a kai ta, a gidan gaba. Malam ya rubuta kome a takarda, kowa ya sa hannu.

Na je na gaya wa Alhaji. Bai ji haushi ba. Ya ce in mun canja shawara, mun san shagonsa.

Kuɗin gyara ba a tashi ɗaya muka same su ba. Na sayar da san da nake kiwo, maiɗakina ta ba mu rancen kwasar adashinta, sauran daga ɗinkin salla. Makaniki ya ce birki za a fara yi, kafin inji, don motar da ke tashi ba ta tsayawa ta fi wadda ba ta tashi haɗari. Autanmu ya bi ta Matamai da Daura ya je Kano ya sayo kayan inji. Tamfol ni na ɗinka shi da hannuna. Fenti ba mu yi ba, don fenti ba ya ɗaukar buhu.

Wata biyu da rabi aka yi ana aiki. Ranar da za a tayar da ita, yaran unguwa suka tura. Ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. A turawa ta uku ta kama. Tsohon makaniki ya tsaya bayanta yana kallon hayaƙi, har ya ga babu shuɗi, sannan ya ce a kashe.

Yanzu shekara ɗaya ke nan tana aiki. Sau biyu ta kwana a hanya: sau ɗaya bel ya tsinke, sau ɗaya ƙarfen da ke ɗauke da nauyin baya ya karye. Kuɗin ajiyar gyara ne suka fitar da mu. Akwai makon da ba a sami jika 40 ba, akwai wanda aka wuce. An biya ƙannena mata biyu. Rancen adashi ma an mayar. Saura kuɗin Inna da na san da na sayar. Autanmu ya kafa wa kansa doka: ba ya tashi sai ya duba ruwa da mai da birki, ba ya ɗora mutane kan kaya, ba ya tafiyar dare.

Mun san ba za ta dawwama ba. Wata rana za a nemi wani ƙarfe nata a rasa, a Damagaram da Kano duka. Shi ya sa muka yi shawara, in bashi ya ƙare, jika 15 ɗin nan na mako za su shiga asusu, don ranar da za a nemi wata mota. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi

1. Me ya sa rabon mota ya fi rabon gona wuya?
2. A wace shekara aka fara ƙera 404? A wace ƙasa aka ci gaba da haɗa ta har 1991?
3. Me ya sa makaniki ya fara duba ƙashin mota kafin inji?
4. Me shuɗin hayaƙi yake nunawa? Baƙi fa?
5. Me ya sa Baffa ya ce motar ta tsaya jika 1.450?
6. Da an sayar wa mai sayen ƙarafa, jika nawa aka yi hasara bisa tayin Alhaji?
7. In ana biyan jika 21 a mako, mako nawa za a yi kafin a biya jika 1.050?
8. Wa ya fi gaskiya a ganinku, Yaya ko auta? Ku faɗi dalilinku.

Aiki

Ku nemi wani tsohon abu a gidanku, kamar keke, ko rediyo, ko amalanke. Ku tambayi mai gyara kuɗin gyaransa, ku tambayi kuɗin sabo a kasuwa. Ku rubuta layi goma a kan abin da ya fi dacewa a yi da shi.